Tsatsa a Kwalba ta Bakwai

Ranar Litinin da safe, Sufeto Nu'uman bai kai ga zama kan kujerarsa ba wayar ofis ta yi ƙara. An tsinci gawar wani dattijo a wata ƙaramar masana'antar ƙarfe da ke bayan Ƙofar Kaura. Ya ture kofin shayin da ko kurɓa bai yi ba, ya leƙa ofishin da ke maƙwabtaka da nasa ya kira Saje Indo, wadda suka shekara tara suna aiki tare, suka shiga mota.

Tsakiyar bazara ce. Tun kafin rana ta ɗaga zafi ya fara dukan kwano, kuma duk lungun da suka wuce sai sun ga 'yan garuwa na tura kura, mata na leƙowa daga zaure da bokitai babu komai a ciki.

A bakin masana'antar wani mutum mai kimanin shekara arba'in da biyar ya tarbe su. Dogo ne, sanye da farar shadda, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Sunana Dakta Nasiru. Wurin nan nawa ne. Ni na tura ƙofa na gan shi."

"Allah ya jiƙansa. Mu je ka nuna mana."

Suka ratsa fili cike da fallayen ƙarfe da injinan walda, suka isa wani ɗaki a can ƙurya. Dogon tebur ne ya ci rabin ɗakin. A kansa an jera manyan kwalabe goma sha biyu, kowace da lambarta, kowace da ruwa, a cikin ruwan kuma an rataye guntun ƙarfe kamar girman kwalin ashana da farin zare. Jikin bango akwai kanta da aka jera sandunan ƙarfe a kai.

Tsakanin tebur da kantar dattijon yake kwance rubda ciki. Jini ya bushe a ƙeyarsa da farin gashinsa. Hularsa ta gangara ƙarƙashin tebur, wata kujerar katako kuma tana kife a gefensa.

"Wane ne?" in ji Sufeto.

"Baba Sammani. Shekara talatin ya yi yana riƙe ɗakin gwaji a kwalejin fasaha kafin ya yi ritaya. Shi ya koya mini riƙon magagari tun ban san hannun damana ba." Dakta ya dubi gawar. "Da na buɗe nan na je har gida na roƙe shi ya zo ya riƙe mini gwaji. Ina jin kujerar ya taka zai ɗauko wani abu ya faɗo."

"Yaushe rabonka da shi?"

"Juma'a, bayan an sauko masallaci. Jiya tun safe ina Dutsin-ma wajen ɗaurin aure, ban shigo gari ba sai bayan magariba."

"Su wa ke da makullin ƙofar waje?"

"Ni, da shi, da Shehu mai walda."

Saje Indo ta durƙusa tana laluba aljihunan gawar. Ta fito da carbi, da goro ɓari ɗaya, da makulli. Ta ɗago kai. "Oga, babu waya."

Sufeto ya juya ga teburin. "Waɗannan kwalaben fa, me ake yi da su?"

Nan take fuskar Dakta ta ɗan sake, kamar wanda aka tambaya labarin ɗansa.

"Aikin shekara goma sha ɗaya ne, Yallaɓai. Ka san ƙarfen da ba ya tsatsa, sitenles, irin wanda ake cokula da shi? Sai an zuba masa nikel, nikel kuwa daga waje yake zuwa, ba na talaka ba ne. Ni na cire nikel ɗin, na sa manganis da alminiyam. Alminiyam ɗin ke yi wa ƙarfen wata siririyar fata da ido ba ya gani, ita ke hana ruwa cin sa. Ga shi ba nauyi. Baba ne ke jiƙa shi cikin ruwa iri-iri, na sama, na famfo, na rijiya, yana aunawa duk mako a ga ko ruwan ya rage wani abu."

"Kun riga kun ƙera wani abu da shi?"

"Tankin ruwa, a Gobarau. Lita dubu talatin. Jama'ar unguwa ne suka haɗa hannu. Ranar Asabar za a buɗe shi." Ya nuna kwalba ta bakwai. "Wannan ruwan rijiyarsu ne, shi za a riƙa turawa cikin tankin. Kwana tamanin da bakwai ke nan, duba ka gani, ko ɗigon tsatsa babu."

Sufeto ya sunkuya. Gaskiya ne, guntun ƙarfen sai ƙyalli yake kamar yau aka wanke shi. Amma a gindin kwalbar wata jar laka ta kwanta, kauri kamar ɗan yatsa. Ya daɗe yana kallon ta. Shi dai ba masanin ƙarfe ba ne, amma ya san idan ka ga toka a murhu, to an ƙona itace. Idan ƙarfen bai yi tsatsa ba, daga ina jar lakar ta zubo?

Ya buɗe littafin awon da ke gefen sikeli, ya ga an yage shafin ƙarshe.

"Marigayin yana da abokin faɗa?"

Dakta ya ce, "Ba na son ɗaukar alhakin kowa. Amma ranar Alhamis sun yi sa'insa da Shehu, har sai da na shiga tsakani."

Shehu mai walda yana tsugune a inuwar katanga. Kakkauran mutum ne, bayan hannuwansa duk tabon tartsatsi. Da ya ga 'yan sanda sun nufo shi ya miƙe yana goge tafinsa a wando.

"Me ya haɗa ka da Malam Sammani ranar Alhamis?"

"Ba komi, Yallaɓai. Walda ce ya ce ban yi daidai ba, in sake. Na ce mashi shekara ashirin ina wanga aiki. Shi ke nan."

"Jiya ina kake?"

"Gida. Ban leƙo ko ƙofar waje ba."

"Wa zai shaida?"

"Iyalina."

"Ba ka zo nan ba?"

"Mi zai kawo ni ran Lahadi?"

Bakinsa na magana, idonsa kuwa na komawa kan wata tsohuwar duro da ake zuba tarkacen ƙarfe. Sau uku Sufeto ya ga ya saci kallon ta. Ya yi wa Indo alama da ido. Ta je ta tona, ta ciro wani farantin ƙarfe mai ƙyalli, irin wanda ake rufe teburin kicin da shi. An yanke masa kusurwa ɗaya, yankan sabo fil, girman kwalin ashana.

"Wannan fa?"

"Tarkace ne kawai," in ji Shehu. Gumi ya tsattsafo masa a saman leɓe.

"To, za mu tafi da tarkacen. Kai kuma kada ka bar gari."

Da la'asar likitan da ya duba gawar ya kira Sufeto. Ya ce wannan ba faɗuwa ba ce. Duka ne guda biyu a ƙeya, da wani abu mai nauyi mai miƙaƙƙen gefe, kuma tun wajen la'asar ɗin Lahadi rai ya yi halinsa. Sufeto ya sa hannu aka ba dangi gawar, aka kai dattijon makwancinsa kafin rana ta faɗi.

Washegari ya tafi gidan mamacin, cikin lungunan Gobarau inda mota ba ta shiga. Ya zauna kan tabarma da masu zaman makoki, aka yi addu'a aka shafa, sannan ya nemi iso. Indo ta riga shi shiga. Matar marigayin, Hajo, tana zaune a rumfa cikin farin mayafi. Tsohuwa ce siririya, idonta a bushe, kamar hawayen sun ƙare tun jiya.

"Inna, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki, ɗana."

"Allah ya sa ya huta. Ki gafarce ni, zan tayar miki da ciwo. Me ya fitar da shi ranar Lahadi?"

"Waya aka yi mashi bayan azahar. Na ji ya ce, to ga ni nan, gara mu yi ta ido da ido. Ya sa hula ya fita, ko tuwon bai taɓa ba."

"Bai faɗi wanda ya kira ba?"

"Bai faɗi ba. Da na ga har isha'i shiru, na sa aka kira mini Nasiru, ya ce shi bai gan shi ba, ƙila ya wuce wajen ƙanensa a Batagarawa. Na kwana da wannan."

"Akwai abin da ke damun sa kwanan nan?"

Tsohuwar ta dubi Indo, ta dubi ƙasa. Can ta dafa bango ta miƙe. "Ku zo ku gani."

Ta kai su ɗakin mijinta. A bayan ƙofa, ƙarƙashin wani tsohon kwando, akwai kwalba irin na ɗakin gwajin nan. Ruwan cikinta ya yi ja, jar laka ta kwanta a gindi, guntun ƙarfen da ke rataye kuwa ya yi dabbare-dabbare.

"Malam bai yarda da gwaji ɗaya ba," in ji ta. "Ya ce shaida ɗaya ba ta yanke shari'a. Guntun tankin ne da kansa ya kawo gida, ruwan kuma na rijiyarmu ne. Ka san ruwanmu zartsi ne, ko sabulu bai kumfa da shi. Sati uku da suka wuce ya ciro shi ya duba, ya zauna bakin gado ya yi tagumi. Ya ce, Hajo, ruwan nan ya ci ƙarfen yaron nan, ban san ta inda zan faɗa mashi ba."

"Wane yaro?"

"Nasiru mana. Mu Allah bai ba mu haihuwa ba. Yana makaranta nan yake cin tuwon dare. Ran da ya gama digirinsa Malam rago ya yanka."

"Ya faɗa masa daga baya?"

"Ya faɗa. Ya ce sun yi magana, yaron ya ce a ba shi lokaci. Malam ya ce lokaci na nan har Laraba, in bai je ya gaya wa mutanen unguwa da bakinsa ba, shi zai je."

Da suka fito, Indo na rungume da kwalbar cikin mayafinta, Sufeto ya ɗaga kai. Can gaba kaɗan tankin yake, sabo, fari tas, bisa dogayen ƙafafu huɗu, ya kere duk soron da ke unguwar. A ƙarƙashinsa an gina jerin famfuna takwas. Jikin ƙafafunsa kuma katangar wata Islamiyya ce, ana jiyo muryoyin yara suna biya karatu. Wasu mata biyu sun tsaya suna kallon famfunan da ba a kai ga buɗewa ba, suna murmushi.

Shi ma Sufeto a irin wannan lungu ya tashi, ya san abin da famfo ke nufi ga macen da ta shekara talatin tana jan guga.

Ranar Laraba suka ɗauki kwalaben biyu, ta gidan Hajo da ta bakwai ɗin nan, suka kai wa Malama Rashida, malamar kimiyya a kwalejin da marigayin ya yi aiki. Ita ma a hannunsa ta koyi awo. Da ta ji abin da ya kawo su ta cire tabarau ta share ido, sannan ta sa safar hannu.

Ta fara da guntun gidan Hajo. Ta wanke shi, ta sa ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta ce wa Sufeto ya leƙa. Ya ga fuskar ƙarfen cike da ƙananan ramuka baƙaƙe, kamar an bi shi da tsinin allura.

"Ka ga wannan?" in ji ta. "A ruwan sama ko na famfo, ƙarfen nan zai yi shekaru lafiya, fatar alminiyam ɗin tana kare shi. Amma ruwan zartsi gishiri ne da shi. Gishirin yana huda fatar a wuri ɗaya, ya shiga ya yi ta ci can ciki. Manganis kuma ba ya taimakawa wajen ɗinke hudar. Daga waje ka ga ɗan ɗigo, ciki kuwa rami ne, kamar yadda gara ke cin azara."

"Tankin da aka yi da shi fa?"

"Ba yau zai faɗi ba, ba gobe ba. Shekara biyu, ko uku. Zai fara daga gindi da wuraren walda. Wata rana yana cike sai ya yage." Ta dube shi. "Me ke ƙarƙashinsa?"

"Famfuna. Da makarantar yara."

Ta yi salati a hankali. Sannan ta ciro guntun kwalba ta bakwai, ta goge shi, ta ɗora kan sikeli. Ta ɗora na gidan Hajo. Ta sake ɗora na farkon, ta haɗa su baki da baki ta ga girmansu ɗaya.

"Wannan ba ƙarfen Dakta ba ne."

"Ta yaya kika sani?"

"Ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Alminiyam yana sa ƙarfe ya yi sauƙi, abin da ake yabon sa da shi ke nan. Wannan sitenles ne na kasuwa. Kuma bai wuce kwana uku cikin ruwan nan ba, dubi zaren, ko rinewa bai yi ba. Lakar da ke gindi ta wani ƙarfen ce da aka cire."

Indo ta buɗe jaka ta ciro farantin nan na duron tarkace. Ta ɗauki guntun ta sa a kusurwar da aka yanke. Ya zauna daram.

Kafin azahar Shehu na zaune a caji ofis, faranti da guntun na gabansa kan tebur. Ya kalle su, ya kalli ankwar da Indo ta ajiye kusa da su da gangan.

"Kai ka yanka wannan?"

Shehu ya kau da kai daga guntun.

"Shehu, kana da makulli. Kun yi faɗa da mamaci. Ka yi mini ƙarya. Yanzu ga aikin hannunka a ɗakin da aka kashe shi. Ko alƙali ɗan uwanka ne, me kake so ya ce?"

"Wallahi ban taɓa Baba ba!" Ya fashe da kuka, ƙaton mutum, kafaɗunsa na rawa. "Ni na yanka, amma sa ni aka yi."

"Wa?"

"Dakta. Ran Asabar ya ce in yanko mashi sitenles daidai girman na gwaji, in huda shi, wai na kwatance ne. Ban samu yi ba sai Lahadi da safe."

"Yaushe ka ba shi?"

"Lahadin, ana kiran azahar. Hannu da hannu, cikin fili."

"Dakta yana Dutsin-ma ranar Lahadi."

"Wace Dutsin-ma? Motarsa na ƙarƙashin dalbejiya, da idona na gani. Ina fita ina ji yana waya."

"Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Ran Litinin kafin ku iso ya ja ni gefe. Ya ce, Shehu, kowa ya san kun yi faɗa da Baba, in ka ce ka zo nan jiya kai za a ɗaure, ni kuwa ba ni iya fid da kai. Yallaɓai, 'ya'yana shida."

Sufeto ya tura masa ruwa a kofi. Ya riga ya san wanda yake nema. Abin da ya rage shi ne abin da aka yi dukan da shi.

Ranar Alhamis da hantsi suka koma ɗakin gwajin, wanda ke kulle tun Litinin da kwaɗon 'yan sanda. Sufeto ya murɗa famfon da ke ƙuryar ɗakin, ya yi tari bai kawo ko ɗigo ba. Masu shagon da ke maƙwabtaka sun riga sun gaya masa rabon unguwar da ruwa tun Juma'a. A ƙarƙashin famfon akwai jarka mai ruwan ɗorawa, an rubuta mata da hannun marigayin: Rijiyar Gobarau. Saura kaɗan a cikinta, simintin da ke gefenta kuma ya yi wani farin zane inda ruwa ya kwanta ya bushe.

"Wanda ya yi dukan sai ya wanke abin dukan," in ji Sufeto. "Famfo babu ruwa. Da me zai wanke?"

Indo ta kalli jarkar, ta kalli kantar. Ta fara sauke sandunan, waɗanda duk da ƙarfen Dakta aka yi su, ɗaya bayan ɗaya. Sha huɗu ne, kowace tsawon kamu ɗaya, masu kusurwa huɗu, duk fes. Ta goma sha ɗaya da ta juya, gefen da ya kwanta kan katako ya yi jajayen ɗigo-ɗigo, sababbi, kamar ƙyanda.

Sufeto ya sa aka kira Dakta Nasiru.

Ya shigo da sallama, ya rame cikin kwana ukun nan, rigarsa ta yi masa yawa. Sufeto ya nuna masa kujera. A kan tebur an jera faranti, da guntun sitenles, da kwalbar gidan Hajo. Sandar kuwa an rufe ta da jarida.

"Dakta, ɗaurin auren wa ka je a Dutsin-ma?"

"Na ɗan wani abokina."

"Sunansa?"

"Alhaji... Alhaji Sani."

"Ba ni lambarsa."

"Ba ta cikin wannan wayar."

"Shehu ya ce da azahar ya miƙa maka wannan guntun a filin nan."

"Shehu maƙaryaci ne. Kansa yake son fitarwa."

"Mun nemi kamfanin waya su ba mu lambar da ta kira Malam Sammani bayan azahar. Gobe za ta iso. Kana so mu jira ta?"

Idon Dakta ya sauka kan kwalbar mai jan ruwa. "Wannan daga ina?"

"Daga bayan ƙofar ɗakinsa. Ka ɗauke guntun kwalba ta bakwai, ka yage shafin littafi, ka ɗauke wayarsa. Ba ka san yana da na biyu a gida ba."

"Ko da na canza guntun ƙarfe, wannan ba kisa ba ne."

"Haka ne," in ji Sufeto. Ya yaye jaridar.

Dakta ya kalli sandar. Ya miƙa hannu kamar zai taɓa, ya fasa.

"Sanda sha huɗu, ita kaɗai ta yi tsatsa," in ji Sufeto. "Domin ita kaɗai aka wanke da ruwan jarkar can, aka mayar da ita a jiƙe. Likita zai gwada gefenta da raunin. Masu bincike za su duba ramukan jikinta, jini ba ya fita duka da wanki ɗaya."

Daga waje ana jiyo ƙarar wani injin markaɗe.

"Kwana huɗu," in ji Dakta, muryarsa can ƙasa. "Kwana huɗu kacal ta yi haka." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗin ji, sai hawaye suka biyo ta. "Ya gaya mini. Tun kwanakin baya Baba ya gaya mini."

"Faɗi yadda aka yi."

"Na kira shi ne in roƙe shi. Wallahi roƙo na kira shi. Na ce, Baba, bari a buɗe tankin, in ya so bayan wata shida in shafe cikinsa da wani abu, babu wanda zai sani. Na nuna masa guntun, na ce mu rataya wannan don masu zuwa kallo ranar Asabar. Ya dube ni kamar bai taɓa gani na ba. Ya ce, Nasiru, yara ne a ƙarƙashin tankin nan."

Ya share fuska da hannun riga.

"Na ce masa shekara goma sha ɗaya, Baba. Na bar aikin koyarwa saboda wannan. Abokan aikina sun yi mini dariya, sun ce ba zai yiwu ba. An buga sunana a jarida. In na tsaya gaban mutanen Gobarau na ce ƙarfena ba ya jure ruwansu, da wane ido zan sake kallon garin nan? Ya ce, kunyar rana ɗaya ta fi makara goma. Ya ce ba zai jira Laraba ba, daga nan gidan mai unguwa zai wuce. Ya juya zai ɗauki littafinsa."

"Sai ka ɗauki sandar."

"Ban san na ɗauka ba. Na dai ga ya faɗi. Yana ƙasa ya kira sunana. Ba da faɗa ba. Yadda yake kira na in zo cin tuwo. Shi ne na ƙara masa na biyun, don in daina ji."

Indo ta kau da kai. Shekara ashirin da biyu Sufeto yana aikin nan, ya ga wanda ya kashe don gona, ya ga wanda ya kashe don mace, amma bai taɓa jin irin wannan ba.

"Wayarsa fa, da guntun da ka cire?"

"Na jefa su a kwalbatin hanyar Jibiya."

"Da matarsa ta kira ka, ka ce ya tafi Batagarawa."

"Na ce." Ya sunkuyar da kai. "Ranar jana'iza ni na kama makarar ta gaba."

"Tashi, Dakta. Ina kama ka da laifin kisan Malam Sammani. Sauran bayani ka yi shi a rubuce a ofis."

Ya miƙa hannuwansa da kansa, Indo ta ɗaura ankwa. Suka ratsa filin. Ma'aikata sun bar aiki sun jeru jikin katanga. Wani tsoho a cikinsu ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

A bakin mota Dakta ya tsaya, ya juyo.

"Yallaɓai, alfarma ɗaya. A aika Gobarau yau, kada a jira Asabar. Kada a tura ruwan rijiyar nan cikin tankin. A gaya musu ni na ce, ƙarfen ba zai ɗauka ba."

Sufeto Nu'uman ya daɗe yana kallon sa.

"Iyakar abin da dattijon ya nema ka faɗa ke nan ranar Lahadi," in ji shi.

Indo ta dafa kan Dakta ta tura shi cikin mota, ta rufe ƙofa.